Intabiyun Aikin Kula da Kwastomomi: Abin da Za Ka Tarar Daga Kiran Farko Zuwa Takardar Ɗauka

Aikin kula da kwastomomi yana cikin 'yan ƙofofin da matashi zai iya shiga ba tare da dogon tarihin aiki ba. Akwai cibiyoyin amsa kira na MTN da Airtel da Glo, akwai teburin sauraren ƙorafi a bankuna, akwai OPay da Moniepoint, ga ofisoshin kamfanonin raba wutar lantarki irin su KEDCO, ga otal-otal da asibitocin kuɗi. Sai dai sauƙin shigar ne ya sa masu nema suke da yawa, kuma akasarinsu takardunsu iri ɗaya ne. Saboda haka ba takarda ce ke raba gardama ba.

A yawancin intabiyu, tambayarka ake yi ka faɗi abin da ka iya. A wannan kuwa, aikin kake yi a gabansu tun daga sallamarka. Wanda ke zaune yana yi maka tambaya, da kunnen kwastoma yake sauraronka: shin kana bari a gama magana kafin ka amsa? Idan an tsananta maka, muryarka tana canjawa? Idan ba ka san abu ba, kana faɗin gaskiya ko kana kame-kame? In ka riƙe wannan, sauran shirin zai zo da sauƙi.

Ka fara tabbatar da wanda ya gayyace ka

Kafin ka goge riga, duba saƙon gayyatar da kyau. Idan ba ka tuna ka nemi aiki a wurin ba, saƙon bai ambaci sunan kamfani ba, ko an ce ka zo da kuɗin fom ko na rajista ko na horo, to ka ajiye kuɗin motarka. Kamfanin ƙwarai ba ya karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki. Duba adireshin imel ɗin da aka aiko da saƙon, ka gwada shi da na shafin kamfanin, sannan ka sanar da wani a gida inda za ka da lokacin da za ka dawo, musamman idan mace ce ke.

Akwai kuma abin da ke ruɗa sababbi. Manyan kamfanoni da yawa ba su ke ɗaukar masu amsa kiransu da kansu ba, kwangila suke ba wasu kamfanoni su ɗauko ma'aikata su kula da su. Kana iya ɗaukar waya kullum kana ambaton sunan banki, alhali albashinka daga wani wuri yake fitowa, kuma dokokin hutunka da ƙarin girmanka nasu ne ba na bankin ba. Wannan ba zamba ba ne, haka harkar take tafiya. Amma ka san shi tun wuri, don ka san kamfanin da za ka yi bincike a kansa, kuma kada ka je kana yabon wanda ba shi ya kira ka ba.

Ka koyi kayan kamfanin kamar mai amfani da su

Yawancin masu nema sukan haddace shekarar da aka kafa kamfani da sunan shugabansa. Wannan ba ya cutarwa, amma ba shi ake nema ba. Abin da ke burge mai intabiyu shi ne ya ga ka san abin da ke sa mutane kira.

Idan kamfanin waya ne, ka san cewa tun 2023 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta haɗe gajerun lambobi suka zama iri ɗaya a duk layuka: 300 don kiran cibiyar kula da kwastomomi, 310 don duba kuɗin da ya rage, 311 don loda kati, 312 don sayen data. Ka san batun haɗa layi da lambar NIN, domin har yanzu yana cikin abubuwan da ke kawo mutane ofis a fusace. Ka san kuma akwai 622, lambar da kwastoma ke kai ƙara wurin NCC kyauta idan kamfani bai share masa hawaye ba.

Idan banki ne ko kamfanin hada-hadar kuɗi ta waya, ka karanta ƙa'idar Babban Bankin Najeriya da ta fara aiki a watan Yunin 2020 kan kuɗin da suka maƙale. Idan mutum ya sa katinsa a injin ATM na bankinsa aka cire kuɗi bai fito ba, a mayar masa nan take, in hakan ya faskara kada a wuce awa 24. Idan injin wani banki ne, awa 48. Na POS da na intanet kuwa, awa 72. Irin waɗannan ƙa'idoji ana sabunta su, don haka ka leƙa shafin babban bankin kafin ranar. Idan KEDCO ne, ka san jihohin da take kula da su, wato Kano da Jigawa da Katsina, ka san rikicin bil ɗin ƙiyasi ga wanda ba shi da mita, da rukunin A da aka yi wa alƙawarin aƙalla awa 20 na wuta a rana kuma aka ƙara musu kuɗi a Afrilun 2024.

Hanya mafi arha ta shiri ita ce ka kira layin kamfanin da kanka da wata 'yar tambaya ta gaskiya. Saurari yadda suke gaisuwa, yadda suke tantance mai kira, da yadda suke sallama. Sannan ka shiga shafinsu na Facebook ko X ka karanta ƙorafin mutane. A nan za ka ga tambayoyin da za a yi maka, a rubuce da bakin masu su.

Kiran tantancewa

Sau da yawa matakin farko ɗan gajeren kira ne, ba tare da an sanar da kai lokaci ba. A nan mutane da dama ke faɗuwa ba su ma san an fara ba. Baƙuwar lamba ta kira, ka ɗauka kana cewa "Waye?" da muryar wanda aka tasa daga barci, ashe mai ɗaukar aiki ne. Daga ranar da ka tura CV, kowace baƙuwar lamba ka ɗauke ta da sallama ko gaisuwa mai kyau. Idan kana cikin A Daidaita Sahu ko kasuwa, ka ba da haƙuri ka nemi a ba ka minti biyar ka sami wurin da babu hayaniya. Ba wanda zai rage maka maki don wannan.

Idan ta bidiyo za a yi, ta Zoom ko Google Meet ko Teams, ka sauke manhajar tun jiya, ka cika caji, ka tanadi layi na biyu mai data. Ka zauna inda haske ke fuskarka ba bayanka ba, ka jingina wayar da wani abu maimakon riƙe ta a hannu. Ka gaya wa 'yan gida kada a buɗe ƙofa.

Jarabawar kwamfuta

Wasu wurare sukan yi gwajin Turanci da lissafi mai sauƙi da saurin buga rubutu. Tallan irin wannan aiki kan ambaci kalmomi 30 zuwa 40 a minti ɗaya. Saurin babban yatsa a waya ba ya amfani a nan, sai ka zauna gaban madannan kwamfuta ka saba, ko da a shagon kwamfuta na unguwa ne. Dalilin gwajin shi ne a bakin aiki za ka riƙa saurare kana rubuta bayanin ƙorafin lokaci guda. Idan an tambaye ka ko ka taɓa amfani da manhajar ajiye bayanan kwastoma irin Zendesk ko Freshdesk ko Salesforce, ba ka taɓa ba, ka ce ba ka taɓa ba, sannan ka faɗi abin da ka iya, kamar Excel. Ana koyar da su a lokacin horo. Ƙarya ce ba a yafewa.

Ranar kanta

Ka zo da kwafin CV biyu ko uku, takardun makaranta na asali da kwafinsu, takardar gama bautar ƙasa ko ta yafewa, takardar NIN, hotunan fasfo da biro. Ka isa da rabin awa kafin lokaci. Sutura ba sai kwat ba. Kaftani mai guga da hula, ko doguwar riga da mayafi ko hijabi mai natsuwar launi, duk sun wadatar a yawancin ofisoshin Arewa, sai dai idan gayyatar ta fayyace irin shigar da suke so. Turare kaɗan.

Ka gaida mai gadi da mai karɓar baƙi kamar yadda za ka gaida manaja. Kuma ka sa ran jira, wani lokaci na awoyi. Ko da gangan aka yi ko rashin tsari ne, fuskar da ka yi a kan benci ana ganinta.

Tambayoyin da kusan ba sa wucewa

"Ba mu labarin kanka." Ba tarihin haihuwa ake so ba. Cikin minti ɗaya da rabi ka faɗi abin da ka karanta, inda ka taɓa hulɗa da jama'a, da dalilin da ya kawo ka. A nan ne matasanmu ke raina abin da suke da shi. Wanda ya zauna a shagon POS ya sha rigimar kuɗin da aka cire ba su shigo ba. Wadda ke sayar da atamfa ta WhatsApp ta san yadda ake lallashin wadda kayanta suka makara a tasha. Wanda ya tsare wa babansa rumfa a Kantin Kwari ya san ciniki da mutum mai wuyar sha'ani. Duk wannan ƙwarewa ce, ka ambace ta da sunanta ba tare da jin kunya ba.

"Me ya sa kake son wannan aikin?" Kada ka ce don babu wani aikin, ko da kowa a ɗakin ya san halin da ƙasa ke ciki. Kada kuma ka tsaya a "ina son taimakon mutane", kowa haka yake cewa. Ka haɗa amsar da wani abu da ka lura da shi game da kamfanin da wani abu da ka iya.

Sai tambayoyin "ba mu misalin lokacin da…": lokacin da ka yi hulɗa da mai fushi, lokacin da aiki ya yi maka yawa, lokacin da kuka saɓa da abokin aiki. Ka shirya labarai uku na gaskiya tun daga gida, kowanne ka tsara shi haka: halin da aka shiga, abin da ya rataya a wuyanka, matakin da kai ka ɗauka, da yadda aka ƙare. Wurin da ya kamata ka daɗe shi ne matakin da ka ɗauka. Mutanenmu saboda kawaici sukan yi ta cewa "muka yi, muka yi", har mai tambaya ya kasa gane wanne ne naka. A wannan ɗakin faɗin abin da ka yi ba yabon kai ba ne. Kada kuma ka zagi tsohon maigidanka, ko da ya cancanta.

"Idan kwastoma ya tambaye ka abin da ba ka sani ba fa?" Amsar ita ce ka gaya masa za ka bincika, ka nemi izininsa kafin ka ajiye shi a kan layi, ka duba bayanan kamfani ko ka tambayi shugaban sashe, ka dawo masa da amsa. Ba a amsawa da zato.

Wasan kwaikwayo: inda ake yanke hukunci

A ganina wannan ne zuciyar intabiyun, kuma shi ne abin da aka fi zuwa ba a shirya masa ba. Ɗaya daga cikin masu tambayar zai rikiɗe ya zama kwastoma. Wani lokaci sai a ce ka juya baya ko ka ɗauki waya, don a ji muryarka kaɗai. Zai ɗaga murya, zai katse ka, zai iya cewa ku duka ɓarayi ne. Misali:

"Tun shekaranjiya na tura naira dubu hamsin, an cire a asusuna, mutumin bai gani ba! Kuɗin asibiti ne! Wannan ne kirana na uku!"

Abu na farko, yi shiru ya gama. Ba shirun da zai sa ya zaci layi ya yanke ba, ka riƙa ɗan amsawa da "na'am", "ina jin ka, Alhaji". Katse mai fushi ƙara masa wuta ne kawai.

Na biyu, ka nuna ka ji nauyin abin, da kalmomin da suka dace da abin da ya faɗa: "Subhanallahi, kuɗin asibiti kuma har kwana biyu. Ka yi haƙuri, Alhaji, Allah ya ba mara lafiyan sauƙi. Bari mu duba yanzu tare." Ka lura ba a ce "kwantar da hankalinka" ba. Wannan jimlar ba ta taɓa kwantar wa kowa da hankali ba, ji yake kamar ana cewa shi ne matsalar. "Ka yi haƙuri" ma idan ta fita sau biyar babu wani mataki a bayanta, ta zama raini.

Na uku, maimaita matsalar a taƙaice don ya tabbatar ka fahimta: nawa ne, yaushe, zuwa wane banki.

Na huɗu, tantance shi kafin ka buɗe masa komai na asusu. A nan ake ɗana tarko. Mai tambayar zai iya cewa, "Asusun matata ne, ka faɗa mini nawa ne a ciki kawai," ko ya fara karanto maka lambar sirrinsa. Kada ka ba da bayanin asusun wani ga wanda ba mai shi ba, ko miji ne ko uba. Kada ka nemi lambar sirri ta kati ko lambar nan ta wucin gadi da ake turowa waya, in ma ya fara faɗa ka dakatar da shi cikin ladabi. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma kuskure a nan na iya jawo wa kamfani tara. Wanda ya faɗa wannan ramin, duk daɗin muryarsa, da wuya a kira shi.

Na biyar, faɗi abin da za ka yi da lokacin da zai ɗauka, iyakar abin da kake da iko a kai. "Na shigar da ƙorafin, ga lambarsa ka rubuta. Na tura wa sashen da ke bin sawun kuɗin da suka maƙale, kuma na rubuta cewa wannan ne kira na uku." Kada ka ce "yanzun nan za ka ga alat" don kawai ya sauka daga layi. Alƙawarin da ba ka da ikon cikawa shi ke haifar da kira na huɗu. Mu kan ce "insha Allahu" a kan komai, kuma babu laifi, amma ka haɗa shi da rana da lambar ƙorafi, in ba haka ba kwastoma zai ɗauka sallamarsa kake yi.

Idan ya ce sai an haɗa shi da manaja, kada ka ji haushi, kada kuma ka yi saurin jefar da shi. Ka gwada sau ɗaya ka nuna masa za ka iya, in ya dage ka haɗa su, ka yi wa manajan bayani don kada mutumin ya sake faro labari daga tushe. Idan zagi ya wuce gona da iri, ka ce za ka bi ƙa'idar kamfani kan irin wannan kira. Ba ka ramawa, ba ka kashe waya a kan ra'ayin kanka.

Ka gwada wannan a gida da babbar murya. Ka sami aboki ko ƙanwa mai iya tsiwa, ku yi sau da yawa, ka naɗi muryarka ka saurara. Za ka ji inda kake sauri da inda kake cusa "eh to" da "ka gane".

Hausa jari ce, amma a gyara ta

Kamfanoni suna tallata guraben masu jin Hausa musamman, domin layukansu suna da zaɓin harshe. Idan kana jin Fulatanci ko Kanuri ko Yarabanci ko Faransanci, rubuta shi a CV. Amma ka sani za a gwada ka a harsuna biyu, a ce ka yi bayanin abu ɗaya da Turanci sannan da Hausa. Abin mamaki, 'yan boko da yawa a Hausar suke tuntuɓe. Gwada bayyana wa tsohuwa a ƙauye yadda za ta dakatar da sabunta data da ke cinye mata kati, ba tare da ka cika jimlar da Turanci ba. Ka kuma tuna mai kira zai iya zama Basakkwace ko Bakatsine ko Bazazzagi, ko wanda Hausar ma koyonta ya yi, don haka a yi magana a hankali da kalmomin da kowa ya sani. Baba, Mama, Hajiya, Malam, kowa da abin da ya dace da shi. Turancin kuma ba a neman na Ingila, a dai ji shi sarai.

Lokutan aiki, albashi, da naka tambayoyin

Cibiyoyin amsa kira da yawa ba sa rufewa dare da rana, har ranar Sallah da Kirsimeti. Za a tambaye ka ko za ka iya aikin dare da na ƙarshen mako. Ka yi shawara da gida kafin ka zo, musamman matar aure ko budurwar da ke gaban iyaye, don amsar da za ka bayar ta zama wadda za ka iya tsayawa a kanta. Tambaya kan lokacin sallar Juma'a ko motar da ke mayar da ma'aikatan dare gida ba abin kunya ba ne, a dai yi ta a matsayin neman sanin tsari.

Kan albashi, ka bari su fara tayar da maganar. In sun tambaye ka, ka ba da tsakanin kaza zuwa kaza bisa abin da ka bincika a shafuka irin Jobberman ko wurin masu aikin. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Ka tambaya ko adadin da aka faɗa kafin cire-cire ne ko bayansa, domin dokar fansho ta 2014 ta tanadi a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, mai aiki ya ƙara kashi 10, ga kuma haraji. Ka lissafa kuɗin mota na wata kafin ka ce ka amince.

Idan aka ce "kana da tambaya?", kada ka ce babu. Tambayi yadda ake auna ƙwazon ma'aikaci. A irin wannan aiki ana duba tsawon lokacin da kake ɗauka a kowane kira, yawan matsalolin da ka warware a kira ɗaya ba tare da mutum ya sake bugowa ba, makin da kwastomomi ke ba ka, da sakamakon masu sauraron kiran da aka naɗa. Na farko da na biyu sukan ja da juna, domin mai gaggawar sallamar mutane ba ya warware matsala, saboda haka tambayar wanne suka fi ba wa muhimmanci tana nuna ka fahimci aikin. Tambayi kuma tsawon horo, ko ana biya a lokacinsa, da hanyar da ma'aikacin kwantiragi ke bi ya zama na dindindin.

Bayan an tashi

Ka tambayi lokacin da za a ji sakamako. A ranar ko washegari ka tura gajeren imel na godiya, layi uku sun isa. Idan lokacin da suka faɗa ya wuce, ka tuntuɓa sau ɗaya, sannan ka ci gaba da neman wasu wuraren.

In an ɗauke ka, yawanci za a nemi gwajin lafiya da mutum ɗaya ko biyu da za su tsaya maka, galibi ma'aikatan gwamnati ko masu sana'ar da aka sani. Ka nemi yardarsu tun kafin a ba ka fom, domin wa'adin mayar da shi gajere ne. Kada ka bar wa kowa takardunka na asali a matsayin jingina. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, amma gara ka nemi takardar kafin ranar farko. Ka karanta sunan kamfanin da ke jikinta, tsawon lokacin gwaji, kwanakin sanarwa kafin barin aiki, da ko akwai sharaɗin biyan kuɗin horo idan ka tafi da wuri, sannan ka sa hannu ka riƙe kwafinka.